Bankin da ba shi da kanta: abin da na gani a Landan

'Yan uwa, kun tambaye ni ko a manyan bankunan nan da ake jin sunansu a labarai muke ajiye albashinmu, to amsar ita ce yawancin aikinsu bai shafi mai albashi ba. Goldman Sachs, wanda aka kafa a New York a 1869, bankin zuba jari ne, kuma abokan cinikinsa su ne gwamnatocin da ke neman bashi a kasuwar duniya, da kamfanonin da ke son sayar da hannun jari ko saye wani kamfani, da hukumomin fansho masu juya dukiyar miliyoyin ma'aikata.

Hedikwatarsa ta Turai, wadda ake kira Plumtree Court, tana tsakiyar tsohon birnin Landan, kuma a 2019 aka tare a cikinta. Ginin ba dogo ba ne, domin dokar birnin ta hana a tare wa mutane hangen Majami'ar St Paul daga wasu wurare, saboda haka sai aka faɗaɗa shi ta yadda ɗaruruwan dillalai za su zauna a bene guda suna jin muryar juna. Babu kanta, babu layin masu cire kuɗi, kuma wanda ba shi da katin ma'aikata ko takardar gayyata ba zai wuce masu gadi ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, tun kafin a tare, bankin ya sayar da ginin ga hukumar fanshon Koriya ta Kudu a 2018 kan fam biliyan ɗaya da ɗoriya, sannan ya karɓe shi haya na shekara 25. A ganinsu kuɗin da aka binne a bango ya yi barci, gara a fito da shi a juya, kuma na ga hikimar hakan.

JPMorgan kuwa, wani babban bankin Amurka, ya zaɓi mallakar gininsa. A 2010 ya sayi dogon bene mai lamba 25 a Bank Street da ke unguwar bankuna ta Canary Wharf a gabashin Landan, wanda a da bankin zuba jari na Lehman Brothers ke ciki kafin ya durƙushe a watan Satumban 2008, har aka ga ma'aikatansa suna fita da kayansu a kwali. Duk wanda ya san wannan labarin ba zai auna ƙarfin banki da tsayin gininsa ba.

Inda mu masu albashi muke haɗuwa da waɗannan bankuna shi ne a wayar hannu. Goldman ya buɗe asusun ajiya na Marcus a Birtaniya a 2018, JPMorgan ya biyo da Chase a 2021, dukansu ba su da reshe ko ɗaya. Buɗe asusun yana da sauri, amma in matsala ta taso babu fuskar da za ka je ka samu, abin da ke wahalar da dattawa da sababbin zuwa. Bankunan kan titi irin su Barclays da Lloyds ma suna ta rufe rassa, har gidan waya ya zama wurin da mutane da yawa ke zuba kuɗi da cirewa. Mai gudun kuɗin ruwa kuma yana da Al Rayan, bankin Musulunci da ya fara aiki tun 2004, sai dai rassansa kaɗan ne ƙwarai, don haka shi ma yawancin hulɗa da shi ta intanet ce.