Shafen kiromiyam na PROtect a kan bututun man nukiliya: inda ya yi kyau da inda ya gaza

Ƙwayoyin yureniyam da ke cikin tukunyar nukiliya ana jera su ne cikin siririn bututu na zirkoniyam, tsawonsa kusan mita 4, faɗinsa milimita 9.5, kaurin jikinsa bai kai milimita 0.6 ba. Shekaru yake yi cikin ruwa mai zafin sama da digiri 300 na ma'aunin Salsiyos, yana tsatsa a hankali, yana kuma shan haidirojin da ke sa shi gautsi. Babban aibinsa ya fito fili a Fukushima a 2011: in tururi ya same shi da zafin da ya kai digiri 1,200, sai ya riƙa ƙwace oksijin daga tururin, ya saki haidirojin mai fashewa, ya ƙara zafi a kan zafi.

Maganin da kamfanin Framatome na Faransa ya kawo kasuwa shi ne PROtect: bututunsa na zirkoniyam mai suna M5 da aka saba da shi, an shafe bayansa da kiromiyam mai kaurin maikiron 15 ko kusa da haka, wato bai kai kaurin gashin kai ba. Ana wanke bututun tas, a sa shi a ɗakin da aka zuƙe wa iska, a riƙa harbin farantin kiromiyam da iskar agon, ɓurɓushinsa yana sauka a jikin bututun yana kamawa. Shafen kan fito sumul, kauri ɗaya. Westinghouse ta Amurka, a nata samfurin EnCore, ta fara da fesa garin kiromiyam da gudun da ya wuce na sauti har ya manne ba tare da ya narke ba. Wannan ya fi sauri, amma yakan fito da kaushi, sai an goge.

A aikin yau da kullum, gaskiya kayan ya cancanci yabo. Kiromiyam yana yin wata siririyar fata ta tsatsa da ke toshe hanya, don haka tsatsar ba ta yin nisa, haidirojin da ke shiga ƙarfen ma ya ragu sosai. Ya kuma fi zirkoniyam tauri, abin da ke rage gogar da bututu ke sha daga maƙalan da ke riƙe bututai a jere da tarkacen da ruwa ke kaɗawa, kuma wannan gogar ce ta daɗe tana huda bututai. An fara gwada shafen a tashar Gosgen ta Suwizalan a 2016, sannan a Vogtle da ke jihar Jojiya ta Amurka a 2019, kafin a sa cikakken damin bututai a tashar Calvert Cliffs, ita ma a Amurka, a 2021.

Sai dai sunan da ake tallarsa da shi, mai jure haɗari, ya fi ƙarfinsa. A digiri 1,200 yana rage saurin tsatsa ƙwarai, amma ci biyu ake yi wa shafen: tururi daga waje, zirkoniyam daga ciki yana tsotse shi. Da ya ƙare, an koma gidan jiya. Abin mamaki kuma, ko da yake kowane ɗayan ƙarfen biyu sai ya haura digiri 1,800 yake narkewa, mahaɗarsu tana narkewa a kusan 1,330. Ga shi cikin bututun ba shafe. Idan ya kumbura ya fashe, tururi zai shiga ya ci shi ta ciki. Lokacin da shafen yake ƙara wa ma'aikata a babban haɗari na mintoci ne, ba yini ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani a takardar ciniki. Kiromiyam ya fi zirkoniyam haɗiye niyutiron, wato ƙwayoyin da ke fasa yureniyam ya ba da zafi, fiye da ninki goma, shi ya sa ba a kaurara shi. Ko siririn ma sai an biya shi da ɗan ƙarin ingancin yureniyam ko gajarta zangon aiki. Mai saye ya matsa a nuna masa sakamakon awon kauri a duk tsawon bututu, da yadda aka yi da bakinsa wajen walda, da ko shafen na karcewa lokacin zura bututai cikin maƙalai.

Masu tukunya irin mai tafasa ruwa kuwa su yi hattara: ruwansu ya fi yawan oksijin, kuma a irin wannan ruwa fatar kiromiyam narkewa take yi. Wannan shafen kiromiyam a kan M5 na tukunyar ruwa mai matsi ne, wadda matsi ke hana ruwanta tafasa.