Gargaɗi ga masu shirin tattaki a tsaunukan Nepal: akwai kamfanonin da ribarsu ke cikin rashin lafiyarka

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk wanda ya ga tallar tafiyar ƙasa zuwa sansanin gindin Everest ko zagayen Annapurna a Facebook ko Instagram, farashin ya yi masa daɗi har ya fara lissafi. 'Yan uwanmu da ke karatu a Indiya da masu aiki a Dubai da Doha sun fi kusa da wannan tarko, domin Kathmandu, babban birnin Nepal, tafiyar 'yan sa'o'i ce a jirgi daga wurinsu. Damfarar da nake magana a kanta ba irin wadda ake karɓar kuɗinka a kashe waya ba ce. Za a tarbe ka a filin jirgi, a kai ka dutsen da gaske. Kuɗin da suke hari yana hannun kamfanin inshorarka, kuma ba za su kai gare shi ba sai ka kwanta ciwo.

Ga yadda ake ƙulla ta. Tafiya daga Lukla, garin da ake fara tattakin mai tsayin mita 2,860, zuwa sansanin Everest da ke mita 5,364 da dawowa kan ɗauki kimanin kwana 12. A cikin kwanakin nan akwai biyu na zama wuri ɗaya, galibi a Namche Bazaar mai mita 3,440 da Dingboche mai mita 4,410. Zaman nan ba na jin daɗi ba ne. Iska tana raguwa da hawa, jiki kuma yana buƙatar lokaci kafin ya saba, shi ya sa likitoci ke cewa da zarar ka wuce mita 3,000 kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Kamfanin 'yan damfara sai ya datse kwanakin hutun, ya ce maka yana tausaya wa aljihunka da ɗan hutun da aka ba ka a wurin aiki. Ya sa farashin da ko kuɗin jirgin Lukla da takardun izini da albashin ɗan jagora da ɗan dako da abinci ba zai biya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya sayar maka da tafiya a kan asara ya san inda zai fanshe.

A kan dutsen, wanda aka yi wa gaggawa kusan dole ne kansa ya yi ciwo, abinci ya fita ransa, barci ya gagare shi. A nan ɗan jagoran da aka haɗa baki da shi zai fara tsorata ka: ba za ka kai safiya ba, jirgi mai saukar ungulu ne kawai mafita, ai inshora ce za ta biya. Kai kuma ga ka a ƙasar da ba ka jin yarenta, ga sanyi, ga jiri, wa za ka yi wa musu? Jirgi ya sauke ka a Kathmandu, mota ta wuce da kai wani asibiti mai zaman kansa da suka zaɓa, a yi ta gwaje-gwajen da ba ka buƙata, a riƙe ka kwanaki. Takardar kuɗi ta dubban daloli ta tafi wajen inshora, la'ada ta zagaya tsakanin kamfanin tafiya da dillalin jirgi da asibiti da ɗan jagora. Wani lokaci mutum uku ko huɗu ake ɗurawa a jirgi ɗaya, amma a caji inshorar kowannensu kuɗin tashin jirgi cikakke.

Wannan ba ji-ta-ji-ta ba ce. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AFP ya bankaɗo lamarin, gwamnatin Nepal ta kafa kwamitin bincike, kamfanonin inshora na waje suka yi barazanar daina ɗaukar nauyin masu zuwa ƙasar. Abin da ya fi tayar mini da hankali a binciken shi ne zargin cewa wasu 'yan jagora na barbaɗa garin soda na girki a abincin baƙi don cikinsu ya ɓaci. Mutumin da ka damƙa wa ranka a tsakiyar duwatsu ke nan.

Akwai wani salon mai laushi da ya kamata a kula da shi, don shi ne zai fi ruɗar mutumin kirki. Ka kai sansanin Everest lafiya, gwiwoyi sun gaji, saura kwana uku na gangara. Ɗan jagora ya matso ya ce me zai hana ka ce ba ka da lafiya, jirgi ya ɗauke ka kyauta. Idan ka yarda ka sa hannu, ka zama abokin zamba, sunanka ne a kan takardar ƙarya, ba nasa ba. Haram ce, kuma laifi ce a doka.

Kada wani ya karanta wannan ya ƙudurta cewa ba zai taɓa shiga jirgin ceto ba. Ciwon tsauni na gaske yana kisa cikin sa'o'i idan ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Wanda numfashi ke gagararsa alhali yana zaune, ko yake tari mai kumfa, ko yake tangaɗi ya kasa tafiya a miƙe, ko maganarsa ta rikice, a sauko da shi nan take ta kowace hanya. Ciwon kai da kasala kaɗai kuwa, maganinsu a daina hawa, a huta, in bai saki ba a gangara 'yan ɗaruruwan mitoci da ƙafa. Ƙungiyar Himalayan Rescue Association tana da ɗakunan shan magani a Pheriche kan hanyar Everest da Manang kan hanyar Annapurna, inda likitocin sa-kai ke zama a lokutan tattaki. In kana kusa, su ya kamata su duba ka kafin a kira jirgi. Lambar gaggawa ta inshorarka kuma ta kasance a wayarka da kan takarda a aljihu, kai ko abokin tafiyarka ku kira da kanku.

Kamfanonin gaskiya suna da yawa a Thamel, unguwar masu yawon buɗe ido a Kathmandu, kuma su ma suna tambayar takardar inshora, don haka tambayar kaɗai ba laifi ba ce. Ka lura da abin da aka fi damuwa da shi. Na ƙwarai zai tambayi lafiyarka, hawan jini, asma, ko ka taɓa hawa tudu mai tsawo. Mu da sikila ta yi yawa a cikinmu, ko mai AS yana iya samun matsalar saifa a irin wannan tsayi, don haka a ga likita tun a gida. Macuci kuwa tambayarsa ɗaya ce, nawa inshorar ke biya na jirgi.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi lambar rajistar kamfanin a ma'aikatar yawon buɗe ido ta Nepal, ka duba ko sunansa na cikin TAAN, ƙungiyar kamfanonin tattaki ta Nepal, ka ga lasisin ɗan jagoran da idonka. A rubuta maka jadawalin kwana-kwana da tsayin kowane masauki. Kuɗin kafin alƙalami su shiga asusun kamfani, kada ka tura wa asusun mutum. Masu fasfon Najeriya da Ghana da Kamaru kuma su sani cewa Nepal ba ta ba su biza a filin jirgin Tribhuvan da ke Kathmandu, sai sun nema a ofishin jakadanci kafin su tashi. Dillalin da ya ce ka taho kawai zai gyara a can, kada ka biya shi komai.