Lama ko alfadari: wanne zai ɗaukar maka kaya a kan dutse?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda da ƙafa za ku riƙa shiga duwatsun jihar Kolorado ta nan Amurka kai da iyali, dabba kaya kawai za ta ɗaukar muku, kuma ka ce ko linzami ba ka taɓa sa wa doki ba, to tsakanin lama da alfadari babu abin jan zance. Lama za ka saya, wato dabbar kayan nan ta Kudancin Amurka mai kama da ƙaramin raƙumi marar tozo. Biyu, ba ɗaya ba. Maza waɗanda aka dandaƙe, masu gajeren gashi, da suka cika shekara 4.

Bari in sallami alfadari tukuna, kada masu shi a zauren nan su ce na danne masa haƙƙi. Ƙarfi kam yana da shi. Yana ɗaukar kilo 70 zuwa 90 ya yini yana tafiya, in wani ya gurɗe a hanya ana iya ɗora shi a kai, abin da lama ba zai taɓa yi wa babban mutum ba. A Grand Canyon alfadarai ne ke sauka da kaya har gindin kwazazzabo, ƙauyen Supai na Arizona kuwa har yau a bayansu ake kai wasiƙu. Na taɓa sayen ɗaya. Ya cinye mini kuɗi a harawa da takalmin ƙarfe da tirela, ya ƙare da harbin ƙofar garke har ta karye. Ranar da na rabu da shi barci na yi har da minshari. Iyakar yabon da zai samu a wurina ke nan.

Babban lama namiji yakan kai kilo 130 zuwa 200, abin da ake ɗora masa kuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu ne na nauyinsa, da sirdi da mangala duk a ciki. A aikace ka ɗauka kilo 30 zuwa 40 ne ga wanda jikinsa ya saba, tafiyar kilomita 10 zuwa 15 a yini. Za ka ce ai ko rabin na alfadari da ƙyar ya kai. Gaskiya ne, amma duba abin da ke cikin mangalar. Alfadari yana cin kilo 7 zuwa 9 a rana, a saman dutse inda ciyawa ba ta taka kara ta karya ba dole ka ɗauko masa hatsi, a cikin nauyin nan da ake taƙama da shi. Lama tuƙa yake yi, cikinsa kashi uku ne, busasshen abinci kilo 3 ya kai shi gobe. Ba ya kuma zaɓe: ya tsinki ciyawa nan, ya figi ganye can, yana tafe yana kiwonsa. Ni ɗan abincinsu na buhu kaɗan nake sawa a jaka, shi ma don lallashi ne da yamma. Saboda haka lama biyu sun ba ka kilo 60 zuwa 70 wanda kusan duk naka ne: tanti, barguna, tukwane, shinkafa, har da kilishi da yajin uwargida. Ka kuma sani, a gandayen dajin gwamnatin tarayya na yammacin ƙasar nan, duk harawar da za ka shiga da ita sai mai takardar shaidar cewa babu irin muguwar ciyawa a cikinta, kuma ta fi tsada. Mai alfadari ne wannan dokar ta fi ci wa tuwo a ƙwarya.

Kai su bakin hanya ma ba aiki ba ne. A-kori-kura da aka yi wa keji a baya ta ɗauki biyu, da mota ta tashi sai su gurfana, ba ka ƙara jin motsinsu har ku isa.

In ka samu dama ka ɗaga ƙafar lama ka duba. Ba kofato ba ne, yatsu biyu ne da tafi mai laushi a ƙasa, kowane yatsa da farce a gaba. Babu ruwanka da mai buga takalmin ƙarfe duk bayan mako 6 zuwa 8, yanke farce kawai za ka koya, da almakashin lambu ma ana yi. Tafin nan yana kama dutse, kuma ba ya farfasa hanya. Akwai masauki a kan dutsen LeConte cikin gandun Great Smoky Mountains a jihar Tenesi, tsayin kusan mita 2,000, mota ba ta zuwa. Da dawakai ake kai masa kaya, da aka ga suna rugurguza hanya sai aka koma lama tun shekarun 1980. Sau 3 a mako ayarinsu ke hawa ta hanyar Trillium Gap da kayan abinci da zannuwan gado, su sauko da na wanki.

Tsayi kuwa gidan lama ne. Mashigan duwatsun da za ka bi a Kolorado da yawa sun haura mita 3,600, inda kai za ka riƙa tsayawa kana haki bayan 'yan taku kaɗan. Shi jininsa yana kama iskar shaƙa da kyau ko da ta yi ƙaranci, domin a tsaunukan Andes na Kudancin Amurka aka hore shi daga dabbar daji da ake kira gwanako, fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Daular Inka da ta mulki yankin ba ta da doki, ba ta da amalanke, a bayan lama kayanta suka bi hanyoyin Qhapaq Ñan, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014. Bayan an gano azurfar dutsen Potosi na Boliviya a 1545, shi ya yi ta jigilarta. A Boliviya makiyaya sun daɗe suna loda masa gishirin Uyuni su gangara kwari su musanya da masara, tamkar ayarin raƙuman da ke zuwa Bilma ɗauko kantu. Kuma dangin raƙumin ne na haƙiƙa, ka gani a leɓe da wuya da yadda yake gurfana.

Wani zai ce to me ya sa a Peru ɗin kanta, in ka je hanyar Santa Cruz a Cordillera Blanca, jakuna ne ke ɗaukar kayan baƙi? Saboda tun da Turawan Sifen suka kawo jaki da alfadari a ƙarni na 16 suka ƙwace yawancin aikin, mai jakin kuwa sana'arsa ce, a ciki ya tashi, kuma yawan kaya ne ribarsa. Kai ba dako za ka yi ba. Abin da kake nema dabbar da matarka da yaranka za su iya riƙe wa akala ba tare da gabanka yana faɗuwa ba.

Nan ne lama ɗin da nake kiwo suka saye ni. Babban cikinsu Madugu muke ce masa, don ba ya yarda wani ya shiga gabansa. Wata rana a duwatsun San Juan hadarin la'asar ya rutsa da mu, irin wanda ke tasowa a Yuli da Agusta ba sallama. Muna kan siririyar hanya, hagu dutse, dama gangare mai tsakuwa, ƙaramar 'yata ce riƙe da akalarsa, ni ina can baya da ɗayan. Aka saki wata tsawa da na ji ta har cikin haƙorina. Yarinya ta saki igiya ta durƙusa ta toshe kunne. Madugu ko gezau. Ya tsaya inda yake, ya sunkuyo da dogon wuyan nan yana shinshinar hularta, yana ɗan gurnanin da suke yi ƙasa-ƙasa, har na lallaɓo na iso. Dabbar da ta ninka yarinyar nauyi sau da yawa, ga kaya a baya, ga wuri ba faɗi, taku ɗaya na firgita ya isa. Tun daga ranar uwargida ta daina kiransu dabbobinka, ta koma cewa yaranmu. Da dare kuma su ne masu gadi. Idonsu da kunnensu sun fi naka nesa ba kusa ba, in wani abu ya gifta kusa da zango sukan yi wani kuka mai kaifi da ba ka iya barci a kansa. Sai ka haska inda suka zuba ido.

Suna da nasu aibin, kada in yi maka dillanci. Dangin raƙumi ne amma bai gaji haƙurin zafinsa ba. Rana mai zafi da gumi tana iya kayar da lama, musamman mai yawan gashi, don haka aski kafin bazara dole ne, tafiya kuma da sassafe. Ba ya zama shi kaɗai, dabbar garke ce, ɗaya tilo zai yi ta kuka yana zagaye shinge har ya rame. In kaya sun yi masa yawa, ko ɓari ɗaya ya rinjayi ɗaya, ko majayi yana gurzarsa, gurfana yake yi a tsakiyar hanya, ja da tsawa ba sa tayar da shi. Mutane suna cewa taurin kai ne, ni kuwa ina ganin ya fi mu gaskiya. Sayi ɗan sikelin rataye, kowace safiya ka auna mangala biyun, kada bambancinsu ya wuce kilo 1. Tofin da ake ta yayatawa yawanci tsakaninsu ne, kan abinci ko girma. Sai ka lura da masu dawakai: doki da alfadarin da ba su saba ba suna razana da ganin lama, saboda haka in kun haɗu kai za ka kauce, ka ja naka gefen gangare, ka yi wa mahayin magana don dabbarsa ta ji muryar mutum. Wanda ke gabashin ƙasar nan kuma ya tambayi likitan dabbobi batun tsutsar da ke fitowa daga barewa mai farar wutsiya ta bi ta dodon koɗi, tana taɓa lakar lama har ta gurgunta shi.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi duk na sama. Yawancin lama da ke Amurka ba na kaya ba ne. A shekarun 1980 an yi haukar sayensu, ana zuba dubban daloli a kan guda ɗaya, masu kiwo suka koma neman yawan gashi da kyan fuska don gasar nuni. Kasuwar ta faɗi. Ƙidayar ma'aikatar noma ta nuna kusan 145,000 a 2002, zuwa 2017 ba su kai 40,000 ba. Jikokin waɗancan na ado su ne cike da gonaki, wasu kyauta ma ake bayarwa, shi kuwa horarre mai dogayen ƙafafu, irin da mutanen Andes ke kira kara, ya yi wuya kuma ya yi tsada. Inda abu ya yi wuya nan 'yan damfara ke shimfiɗa tabarma.

Za ka ga talla a Facebook an ɗora wa lama sirdi an ɗauki hoto a bayan gida, an rubuta gogaggen mai kaya. Sirdi a hoto ba horo ba ne. Wani zai kawo maka ruwa-biyu, uba lama uwa alfaka ('yar'uwar lama ce ƙarama), gajere mai gashi har goshi, ya ce ai ƙarami ne zai girma. Ba zai girma ba, alfaka don gashi ake kiwonta. Wani zai rage wa tsoho shekaru, alhali lama yakan yi shekara 20 amma ƙarfin aikinsa yana raguwa tun kafin nan. Duba idon sawunsa, in ya sauka yana neman taɓa ƙasa, ka wuce. Wani kuma zai ce ɗan shekara 2 ya isa ɗaukar cikakken kaya, ƙashinsa bai gama ƙwari ba.

Mafi haɗari shi ne wanda zai fi burge yaranka. Lama mai lafiyar hali yana ɗan ja da baya daga baƙo. In ka ga namiji ya taho da gudu yana cusa kai a ƙirjinka, yana bin ka yana goga jiki, mai shi yana washe baki yana cewa da kwalba muka shayar da shi tun yana jariri, kama hannun yaranka ku koma mota. Irin wannan ya tashi yana ɗaukar mutum ɗan garkensu, ranar da ya balaga zai yi da kai yadda maza ke yi da juna: bangaza da ƙirji, cizo, dannewa. Mazan suna da haƙoran faɗa guda 6 masu lanƙwasa da ke fitowa wajen shekara 2 zuwa 3, dole a ce an yanke su. Buɗe bakin ka gani da idonka.

Kada ka yarda ka tarar an riga an kama shi an ɗaure a turke. Ce a sake shi cikin fili, kai ka kama shi, ka sa masa ragama, ka ɗaga ƙafafunsa huɗu, ka ɗaura sirdi da hannunka, ka zuba kilo 25 a mangala. Ku hau tudu na sa'a guda, ku tsallake gungume, ku ratsa ruwa, ka sa shi a mota ka sauke. Mai gaskiya zai ji daɗin wannan, marar gaskiya zai ce yau dabbar ba ta jin daɗi ko yana sauri. Kada ka tura kafin alƙalami ga wanda ba ka taka gonarsa ba. Likitan da zai duba maka shi kai za ka nemo, ba na mai sayarwa ba, in kuma daga wata jiha za ka ɗauko, takardar lafiya ta likita tana cikin sharuɗɗan tsallake iyaka.

Kafin duk wannan, yi haya. A Kolorado da Wayomin da Aidaho akwai masu ba da hayar horarrun lama, su koya maka ɗaurin sirdi da turke cikin 'yan sa'o'i, ka tafi da biyu ka kwana a daji da iyalinka. Da yawansu sukan sayar da waɗanda suka ɗan manyanta, masu shekara 10 zuwa 12, kuma ga mai koyo babu kamarsu, don sun san hanya fiye da kai. In ka tashi zuwa dubawa yi mini magana a gefe, in Allah ya ba ni sarari mu je tare. Ka zo da takalmin da ruwa ba ya shiga, don sai mun ratsa rafi da su kafin a yi maganar kuɗi.