Crash Team Racing ko Mario Kart 8 Deluxe: amsa ga mai PS4 a ɗaki

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne za ka saya wa yara cikin waɗannan gem biyu na tseren mota. Tunda ka ce PS4 na nan a gida da hannun bugawa guda biyu, ka saya wa yaran Crash Team Racing Nitro-Fueled ka huta. Kada ka kwashi kuɗin sabon inji ka kai wa Switch, injin gem na Nintendo, saboda Mario Kart kaɗai, komai nacin da za su yi maka.

Mario Kart 8 Deluxe ba zan ci haƙƙinsa ba, gem ne mai kyau. Nintendo ta fara fitar da shi a tsohon injinta Wii U a 2014, ta ƙara masa gyara ta dawo da shi a Switch cikin Afrilun 2017, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 60, babu wani gem na Switch da ya kamo shi. Hanyoyin tsere 48 yake zuwa da su, sai wasu 48 da aka ƙara tsakanin 2022 da 2023, su kuma da kuɗinsu daban. Na buga shi na wani lokaci, bai zauna mini a rai ba. Ka yi tuƙi mai tsafta tun daga farko, ana saura kwana ɗaya a gama sai shuɗin ƙoƙon kunkurun nan, makamin da ke bin wanda ke kan gaba, ya taso daga can baya ya sauka a kanka, wanda ya yi ta cin karo da bango ya zo ya wuce ka. Babban abin da ya fi Crash da shi shi ne yana iya riƙe wa ƙaramin yaro sitiyari da totur don kada ya faɗa rami. In yaranka ba su kai shekara shida ba, wannan abin dubawa ne. In sun wuce nan, babu dalilin sayen inji guda a kansa.

Shi Crash, mu da muka taso muna lale kuɗin tara a shagunan gem na Tudun Wada da Sabon Gari mun san shi tun yana PlayStation ta farko. Naughty Dog ce ta yi shi a 1999, shi ne Crash na ƙarshe da ya fito daga hannunta kafin ta koma kan wasu ayyukan, har ta kai ga Uncharted da The Last of Us. Wannan na PS4 kamfanin Beenox na Kanada ne ya sake gina shi, Activision ta fitar a watan Yunin 2019. Sun dawo da tsofaffin hanyoyi 18 yadda muka san su, kwana da kwana, har ɓoyayyun yanke, suka haɗa da 13 daga Crash Nitro Kart na 2003. Bayan fitowarsa sun yi ta ƙara sabbin hanyoyi kyauta har zuwa farkon 2020.

Abin da ya sa nake tsaya masa shi ne yadda ake samun gudu a cikinsa. In ka tunkari kwana sai ka danne maɓallin R1, motar ta yi ɗan tsalle ta fara zamiya. Idonka na kan salansa. Da hayaƙin ya yi baƙi sai ka taɓa L1, wuta ta fito, motar ta zabura. Sau uku ake yi a zamiya ɗaya, na ukun ya fi ƙarfi. Ka yi gaggawa ko ka makara, sai motar ta yi tari kawai, ka rasa. Wanda hannunsa ya faɗa yana iya haɗa wannan kwana da waccan, ya ƙara da tsallen tudu, wutar ba ta mutu ba har a zagayo. Makamai suna nan, akwai roka da bam da akwatin TNT da kwalbar guba, amma ba su cika ƙwace wa gwani abin da ya tara ba. Mai iyawa ne ke ci, kuma yara suna gane haka da wuri.

Na ga wannan da idona a hutun Babbar Sallah, a kan ɗan yayata da ke aji biyar a firamare. Ripper Roo, ogan farko da dole ka ci a tsere kafin ka wuce gaba a ɓangaren labari, ya tsare shi a hanyar Roo's Tubes. Shi wannan mahaukacin akwatunan TNT yake ta zubarwa a bayansa, yaron kuma duk wanda ya taka sai ya ɗare masa a ka, ya ƙirga uku ya tashi da shi. Har ya ajiye hannu idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa in akwatin ya hau kanka, ka yi ta danna tsalle da sauri, zai faɗo. Na kuma nuna masa ya riƙa fasa akwatunan 'ya'yan Wumpa, don in ka tara goma gudunka na ƙaruwa, makaminka ma ya ƙara ƙarfi. Bayan la'asar ina tsakar gida na jiyo ihunsa, "Kawu, na karɓi makullin!" Kafin su koma Kaduna shi ke koya wa ƙannensa kallon hayaƙi. Wannan ɓangaren labarin, inda ake tara kofuna da makullai a wuce ogogi huɗu kafin a kai ga Nitros Oxide, baƙon da ya rantse zai mai da duniya wajen ajiye motoci, Mario Kart 8 ba shi da irinsa sam. Ranar da yaro ɗaya ne a gida, shi zai riƙe shi.

Crash ma yana da nasa aibin, masu sharhi ma sun faɗa tun farko. Yana daɗewa yana lodi tsakanin tsere da tsere, kuma hotonsa bai kai na Mario santsi ba, firem 30 yake yi a daƙiƙa, wancan kuma 60 in mutum ɗaya ko biyu ke bugawa. Akwai wuya, don haka ka sa musu a mataki mai sauƙi tukuna. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne 'yan makonni da fitowarsa aka shigo da sayen sulallan cikin gem da kuɗin gaske. Kwalliyar mota da ƙarin 'yan wasa kawai ake saye da su, ba sai da su ake cin tsere ba. Kada dai ka bar katin bankinka a jikin injin.

Sai maganar masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. Duk wanda ya ce zai tura maka Mario Kart 8 a PS4 ƙarya yake yi, ba a taɓa yin sa don PlayStation ba. Masu tallar "akawun" mai araha a WhatsApp ma ka kiyaye su, sukan sayar wa mutum biyar abu ɗaya, bayan sati biyu ka ga kwaɗo a kan gem ɗin, lambarsu kuma a kashe. In har yaran sun fi ƙarfinka ka koma Switch, ka sani ƙaramar da ake kira Lite ba ta haɗuwa da talabijin ko kaɗan, kuma akwai masu miƙa ta ba su faɗa ba.

Faifai za ka saya, ko na hannu ne. Ka juya bayansa a haske ka duba ƙarzuwa, ka sa mai shagon ya saka a injinsa a gama tsere ɗaya a gabanka. Ƙarin hanyoyin ba sa cikin faifan, sai an sauke ta intanet kuma suna cin data sosai, don haka ka nemi inda ke da wayifai ka yi sau ɗaya. Canjin da ya rage ka ƙara hannu na uku da na huɗu, tunda mutum huɗu ke bugawa a allo ɗaya, amma ka gwada L1 da R1 ɗinsu da kyau kafin ka biya, don jabun hannu a nan yake fara mutuwa.