Hibernate: aikinta da kyau, amma ta cika kwarmato

Manhajar rajistar ɗalibai nake kula da ita, Java da Spring Boot (kayan gina manhajar) a sama, rumbun bayanai na PostgreSQL a ƙasa, Hibernate 5 a tsakani tana haɗa su. Gavin King ne ya fara Hibernate a 2001, kuma wajen kai bayanai rumbu da ɗauko su ba ni da ƙorafi. Idan aiki ya lalace a tsakiya, tana warware duk abin da aka fara, rumbu ya koma yadda yake. Wannan kam ta iya.

Inda muke saɓawa shi ne log, wato kundin da manhaja ke rubuta abin da ya faru. A ce ɗalibi ya yi rajista da imel ɗin da wani ya riga ya ɗauka. PostgreSQL zai ƙi, ya dawo da lambar 23505. Ai ba abin tashin hankali ba ne, na san za a yi haka, na kuma tanadi saƙon da zai ce masa ya sake wani imel. Amma kafin kuskuren ya iso hannuna, SqlExceptionHelper, wani sashe na Hibernate, ya riga ya rubuta layi biyu a log, WARN (gargaɗi) ɗaya da ERROR (kuskure) ɗaya. Ko na kama kuskuren, wanda Spring ke kira DataIntegrityViolationException, na sallami yaron lafiya, rubutun na nan. Ranar buɗe rajista sai log ya cika da ERROR na banza, na gaskiyar ya ɓace a cikinsu. Wanda ya haɗa log da ƙararrawar waya kuwa, Allah ya ba shi haƙuri.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne a sa logging.level.org.hibernate.engine.jdbc.spi.SqlExceptionHelper=OFF. Yana aiki, sai dai jifan kan mai uwa da wabi ne, har kuskuren SQL (harshen magana da rumbu) na gaske zai daina rubutawa. Kuskuren dai zai ci gaba da isowa, amma rubuta shi ya dawo wuyanka.

Ni na fi son kada a kai ga warwarewar ma. Tun PostgreSQL 9.5 akwai INSERT ... ON CONFLICT DO NOTHING: idan imel ɗin na nan, rumbu ba ya ƙorafi, sai in duba ko sabon layin bayanan ya shiga. Kuma dama bayan kuskure irin wancan ba a ci gaba da Session ɗin, wato zaman aikin Hibernate da rumbu, sai a buɗe sabo.

Zan ba sabon shiga shawarar Hibernate, da sharaɗin ya zauna ya tsara log ɗinsa kafin manhaja ta fita.