Sakamakon fili ko jerin BCS: takaddamar Big 12 a 2008

A ƙwallon Amurka na jami'o'i, Texas da Oklahoma da Texas Tech sun yi kunnen doki a rukunin Kudu na Big 12, wata gasar jami'o'i, a 2008, kowace da nasara 7, faɗuwa 1 a wasannin gasar. Wa zai wakilci rukunin a wasan ƙarshe na gasar?

Hanya ta farko, a duba wa ya doke wa. Texas ta ci Oklahoma 45 da 35, Tech ta ci Texas, Oklahoma kuma ta lallasa Tech 65 da 21. Lissafi ya cije.

Sai aka koma jerin BCS, wato jerin matsayin ƙungiyoyin jami'o'in ƙasar na wancan lokaci, mai haɗa ƙuri'u da lissafin kwamfuta, Oklahoma ta haye. Har yau abin na damuna. Da an fara cire Tech, wadda ke ƙasa a jerin, Texas ce za ta je, tunda a fili ta kayar da Oklahoma.