Cikin tagwaye: haihuwa da kai ko aiki?

Mata masu cikin 'yan biyu sun sha tambayata wanne ya fi, a jira naƙuda a haihu da kai ko a sa ranar tiyata. Da farko dai ki manta da lissafin mako 40. Fiye da rabin tagwaye kafin cikar mako 37 suke zuwa, shi ya sa likitoci ke shirya haihuwa a mako 37 idan kowanne da mabiyiyarsa, ko mako 36 idan mabiyiya ɗaya suke rabawa.

Haihuwa da kai ta fi sauƙin kuɗi, mai jego kuma takan miƙe da wuri, ga jarirai biyu na jiran nono. Matsalarta Husaini. Da zarar Hassan ya fito, fili ya samu, na biyun na iya juyawa ya kwanta a gicciye, ko cibiya ta riga shi saukowa, a ƙare da aikin gaggawa. Wani babban bincike da aka buga a 2013 ya nuna idan kan na farko ne a ƙasa, hanyoyin biyu kusan ɗaya ne wajen lafiyar jarirai.

Aiki kuwa an san rana da sa'a, amma akwai tsada, zubar jini, da tabon da zai shafi ciki na gaba.

Wadda na farkonta ya zo da kai, kuma a asibitin da ke da ɗakin tiyata za ta haihu, tana iya gwada naƙuda. Wadda na farkonta ya zo da ƙafa, ko jariran na cikin jakar ruwa ɗaya, aiki ya fi mata.